Kiran talla da muryar na'ura sun hana wayata da ta mahaifiyata sakat: ina mafita?

Ɗan Farin Gada ya rubuta:

Assalamu alaikum, 'yan'uwa. Ina sana'ar kayan gwari da dankalin Turawa a kasuwar Farin Gada da ke nan Jos, kuma duk wanda ya san wannan sana'a ya san cewa rabinta a waya ake yin ta. Direban da ya ɗauki kayana zuwa Abuja ko Fatakwal yana iya kirana da wayar yaron motarsa idan cajin tasa ya ƙare, manomin da ke Bokkos ko Mangu yana iya aron wayar maƙwabcinsa don ya shaida mini cewa buhuna sun haɗu, haka nan dillalin da ban taɓa sa wa ido ba yana iya karɓar lambata a hannun wani ya kira yana neman kwando hamsin na tumatir. Saboda haka ba ni da halin ganin baƙuwar lamba in ƙi ɗagawa, domin ban san ta inda abincina zai fito ba.

A makon jiya, da sassafe cikin tsananin sanyi, ina tsaye ana auna kaya hankalina yana kan wata mota da ta kwana a hanya, wadda ban ji ɗuriyarta ba tun da ta doshi Hawan Kibo, sai waya ta yi ƙara a aljihu. Na ajiye littafin lissafi a kan buhu, na cire safar hannu, na ɗaga da sauri gabana yana faɗuwa, amma abin da na ji shi ne muryar wata mata da aka naɗa tana yi mini albishir da Turanci cewa idan na danna 1 masu kirana za su riƙa jin waƙa. Kafin azahar an sake kira sau biyu, ɗaya na tallar bashi ne, ɗayan kuma da na ɗaga shiru na ji na ɗan lokaci sannan aka katse.

Nawa ma mai sauƙi ne idan aka kwatanta da na mahaifiyata. Hajiya tana Anguwar Rogo, ta haura shekara saba'in, kuma ƙaramar waya mai madannai ce a hannunta, wadda ba ta rabuwa da ita ko a kan sallaya saboda 'ya'ya da jikoki da ke warwatse a garuruwa. Idan muryar na'ura ta kira ta, sai ta yi sallama, ta tambayi wa ke magana, sannan ta yi shiru tana saurare har a gama, domin a tarbiyyarta katse wa mutum magana rashin kunya ne. Katin dubu ɗaya da nake saka mata ba ya kai mako, alhali ba ta fiye kiran kowa ba, sai da jikarta ta duba ta ga ana cire mata kuɗi kullum a kan labaran ƙwallon ƙafa, ita da ba ta san ko mutum nawa ke buga ƙwallon ba. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne, kwanaki wani ya kira ta da Hausa tsantsa, ya ambaci cikakken sunanta, ya ce daga banki yake kuma za a rufe asusunta idan ba ta karanto masa lambobin da ke jikin katinta ba. Allah ne ya kiyaye, tabaraunta ba ya kusa, kafin ta lalubo shi ƙanwata ta shigo ta karɓe wayar.

Tambayata ita ce: ta ina waɗannan mutane suke samun lambobinmu har da sunayenmu, kuma akwai wata hanya ta hukuma da mutum zai bi ya dakatar da su? Wasu sun ba ni shawarar in canza wa Hajiya layi, shin hakan yana magani? Ina roƙon wanda ya san abin ya yi mini bayani, musamman abin da zai dace da dattijuwar da ba ta karanta saƙo.

Tsohon Ma'aikacin Layi, Bukuru, ya rubuta:

Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya ƙara wa Hajiya lafiya da nisan kwana. Na yi shekaru ina aiki a sashen sauraron koken masu layi kafin in ajiye, kuma abin da zan fara faɗa maka shi ne kiraye-kirayen da ka lissafa ba daga tushe ɗaya suke ba, don haka magani ɗaya ba zai warkar da su duka ba.

Muryar da ta ce ka danna 1 da labaran ƙwallon da ke cinye katin Hajiya gida ɗaya suka fito. Akwai kamfanonin da ke sayar da waƙoƙin kira, da saƙonnin wasanni, da gasar tambayoyi, da makamantansu, suna bi ta kan hanyoyin kamfanonin layi su isa ga jama'a, kuma ana raba kuɗin da aka cire tsakaninsu. Dattijuwa mai wayar madannai tana iya taɓa wani madanni da kumatunta ko da yatsa tana ƙoƙarin kashewa, shi ke nan an rubuta cewa ta amince, daga ranar kuma cirar kuɗi ta fara tana sabunta kanta. Wannan shi ne ɓangaren da hukuma ta fi iya riƙewa. Hukumar Sadarwa ta Najeriya, wato NCC, wadda hedikwatarta ke Maitama a Abuja, ta fito da lambar 2442 a shekarar 2016, lokacin shugabancin Farfesa Umar Garba Danbatta, domin duk wanda ba ya son talla ya rufe ƙofarsa. Ka ɗauki wayar Hajiya ka rubuta kalmar STOP ka aika zuwa 2442, ba a cajin ko kwabo, kuma lambar ɗaya ce a dukkan layuka. Idan kana son ka tabbatar ya shiga sai ka aika STATUS, idan kuma kana son ka bar wani nau'in talla ya riƙa shigowa, kamar na harkar banki ko lafiya ko ilimi ko addini, sai ka aika HELP su jero maka rukunan ka zaɓa.

Amma ka lura, rufe ƙofa ba ya korar wanda ya riga ya shiga ɗaki. Labaran ƙwallon nan za su ci gaba da cin kati ko bayan ka aika STOP, saboda a wurinsu ba talla ba ce, sabis ne da aka saya. Shi kuma ana soke shi ne ta hanyar danna *305#, ɗaya daga cikin gajerun lambobin bai-ɗaya da hukumar ta daidaita a 2023, inda za ka ga abin da aka rataya wa layin ka cire. Idan abin ya ƙi, ka kira 300, wato sashen kula da masu layi na kamfaninku, ka faɗi kokenka, ka nemi a maido da kuɗin da aka cire ba da saninta ba, sannan kada ka ajiye waya sai an ba ka lambar shaidar koken. Wannan lamba ita ce makaminka, domin idan kwanaki suka wuce ba a yi komai ba, za ka kira 622, layin kyauta na NCC, kuma abu na farko da za su tambaye ka shi ne ko ka fara kai ƙara wurin kamfanin. Mutanenmu da yawa suna zagin mai amsa kira su kashe, ba su karɓi lambar koke ba, daga baya kuma su ce hukuma ba ta aiki. A shekarun da na yi a kan wannan kujera na ga yadda koken da ya zo daga 622 yake sa manya su miƙe tsaye, ba kamar wanda ya tsaya a bakin ƙaramin ma'aikaci ba.

Akwai wata illa ƙarama da ya kamata ka sani kafin ka rufe naka layin baki ɗaya. Saƙonnin da ake turawa mutane da yawa a lokaci guda, irin na gayyatar ɗaurin aure, ko sanarwar taron ƙungiyar 'yan kasuwa, ko saƙon makarantar yara, wani lokaci ba sa isa ga layin da ya aika STOP, idan mai turawar ya bi ta hanyar da ake tura talla. Ni kaina na taɓa rasa ɗaurin auren ɗan abokina ta wannan hanya, har ya yi fushi da ni wata guda. Ga Hajiya wannan ba matsala ba ce tunda ba ta karanta saƙo, amma kai ɗan kasuwa sai ka auna.

Shi kuwa wanda ya kira ya ce daga banki yake, wannan ba mai talla ba ne, ɓarawo ne, kuma 2442 ba ta san da zamansa ba, domin da layi irin nawa da naka yake kira. Babu bankin da ma'aikacinsa zai kira ya nemi lambobin jikin kati, ko lambar sirri, ko lambar nan da ake turowa ta saƙo don tabbatar da cirar kuɗi. Batun canza layi kuma ban ba ka shawara ba, sai dai in bar wa masu sayar da layi su faɗa maka dalili, sun fi ni ganin abin yau da gobe.

Malamar Nasarawa Gwom ta rubuta:

Baba na Bukuru, Allah ya saka da alheri, bayaninka ya gamsar. Sai dai ina so in ƙara wani nau'in kira da bai shiga lissafinka ba, wanda kuma ni shi ne ya fi ƙona mini rai, domin na aika STOP tun shekarun baya kuma bai hana shi ba.

Ina koyarwa a makarantar firamare. Wata rana ina tsakiyar darasi waya ta dame ni da ruri a cikin jaka har na fita baranda na ɗaga, ina tsammanin daga gida ne. Wani saurayi ne ya tambaye ni ko na san wance, ya ambaci sunan wata abokiyar aikina, da na ce na santa sai ya ce ta ci bashi a manhajarsu ta waya ta ƙi biya, kuma ni ce mai tsaya mata, don haka ko in sa ta biya ko a yaɗa hotonta da nawa a matsayin 'yan damfara. Ban taɓa tsaya wa kowa ba, ban ma san ta ci bashin ba. Na toshe lambar, aka kira da wata, na toshe, aka koma turo murya naɗaɗɗiya da safe da yamma, har sai da na ji kunyar ɗaga waya a gaban mutane. Daga baya na gane cewa lokacin da ta sauke manhajar ta ba ta izinin shiga jerin sunayen da ke wayarta, suka kwashe duka, suka bi mu ɗaya bayan ɗaya, har da surukarta da limamin unguwarsu. Kuɗin da ta ci bai kai na buhun shinkafa ba, amma mutuncin da aka zubar mata har yau ba ta gama tattarawa ba.

Wannan ba a kaina aka fara ba. A watan Maris na 2022 hukumar kare haƙƙin masu saye, FCCPC, ta kai samame ofisoshin wasu masu ba da bashi ta waya a Legas saboda irin wannan cin zarafi, a shekarar kuma ta wajabta musu yin rajista da ita, sannan daga ƙarshen watan Mayu na 2023 kamfanin Google ya hana manhajojin bashi da ke rumbunsa shiga jerin lambobi da hotunan mutane. Abin ya ragu, ban musa ba, amma bai mutu ba, saboda wasu manhajojin ba ta rumbun ake sauke su ba, ana turo su ne ta saƙo ko ta WhatsApp, wasu kuma yanzu suna sa mai cin bashin ya rubuta lambobin mutum biyu ko uku da hannunsa, shi kuma ya rubuta ta duk wanda ya faɗo masa a rai ba tare da ya tambaye shi ba.

Malam na Farin Gada, tallar bashin da aka yi maka ita ce ƙofar wannan masifa, don haka ka gargaɗi yaran da ke aiki a ƙarƙashinka, domin lambarka tana wayar kowannensu. Abin da ya taimake ni shi ne na daina gardama da masu kiran, na sami ɗan littafi ina rubuta rana da lokaci da lambar da aka kira da ita, ina ɗaukar hoton duk saƙon barazana, sannan na tura wa FCCPC koke da waɗannan hujjoji. Ban san ko kokena ne ya yi aiki ko kuwa biyan da ta yi ne ba, amma bayan makonni kiran ya tsaya.

Mai Gyaran Waya a Taminus ya rubuta:

Ina gaida iyayena da ke wannan zaure. Kawu, tunda Baba ya miƙo mana batun canza layi, bari in fara da shi. Layin da ake kira sabo sau da yawa ba sabo ba ne. Idan mutum ya daina amfani da layinsa na tsawon lokaci, kamfani yana karɓe lambar ya sake sayar da ita, don haka kana iya saya wa Hajiya layi yau, gobe masu bin tsohon mai lambar bashi su fara kiranta, saƙonnin bankinsa ma su riƙa shigo mata. An gudu ba a tsira ba ke nan. Ga kuma wahalar haɗa sabon layin da lambar NIN, da zuwa banki a canza lambar da ke kan asusunta da BVN, da sanar da dangi kaf, sannan tsohuwar lambar da kuka yar ita ma wata rana za ta faɗa hannun wani, wanda idan ba ku cire ta daga banki ba shi zai riƙa ganin shige da ficen kuɗinta.

Game da inda suke samun lambobi, na'urar da ke kiran talla ba ta ma buƙatar ta san ka. Lambar waya a Najeriya guda 11 ce, huɗun farko sanannu ne ga kowa, saura bakwai, wato layi miliyan goma a ƙarƙashin kowane mafari, kuma kwamfuta tana iya bin su a jere tana kira ba gajiya. Kiran nan da ka ɗaga ka ji shiru, sau da yawa na'ura ce ta kira mutane da dama a lokaci guda babu ma'aikacin da zai karɓa, ko kuma ana gwadawa ne a ga ko layin yana da rai, wanda ya ɗaga kuma an san akwai mutum a bayansa.

Amma wanda ya kira da cikakken suna, to a nan idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Kullum ina ganin yadda muke rabar da lambobinmu kamar goron biki. Mai POS yana ajiye littafi a kan tebur, kowa ya rubuta suna da lamba da adadin kuɗin da ya cira, littafin yana buɗe duk wanda ya zo yana iya ɗaukar hotonsa. A ƙofar ofisoshi da asibitoci akwai irin wannan littafi. Ga fom na tallafi da ake yaɗawa a WhatsApp, a ce gwamnati ko wata ƙungiya za ta raba jari, a cike suna da lamba da lambar asusu da ranar haihuwa, alhali babu wanda ya san wanda ya ƙirƙiri shafin. Ka tambayi jikokin Hajiya ko wani bai taɓa cike mata irin wannan ba da kyakkyawar niyya. Ko lambar asusu kaɗai ta isa, domin duk wanda ya shigar da ita kamar zai yi transfa sunan mai ita zai fito masa, kuma a wasu bankunan waya lambar wayar mutum ita ce lambar asusunsa idan an cire sifilin farko.

Mutane suna zuwa shagona su ce in saka musu Truecaller, ina saka musu, kuma tana taimakawa wajen nuna lambar da mutane da yawa suka yi wa tambarin damfara. Kamfanin ƙasar Suwidin ne, kuma sunayen da yake nunawa daga wurin masu amfani da shi suke fitowa, shi ya sa za ka ga lambarka ta fito da laƙabin da abokanka kaɗai suka sani. A 2019 hukumar bunƙasa fasahar zamani ta ƙasa, NITDA, ta sanar da cewa tana bincikensa a kan batun sirrin bayanan jama'a. Ma'ana, abin da ke nuna maka sunan baƙo shi ne kuma yake nuna wa baƙo sunanka. Wani abin kiyayewa shi ne fulashin daga lambar ƙasar waje mai doguwar lamba da alamar tarawa a gaba, wanda ake yi sau ɗaya a katse, musamman da tsakar dare. Ana kiran wannan dabara wangiri, kalmar Japananci ce, kuma burinsu ka bi kiran, da zarar ka bi kati zai zube kamar an huda tulu.

Ga Hajiya kuma, abin da nake yi wa tsofaffi shi ne in adana lambobin 'ya'ya da jikoki da maƙwabta na kusa, in saka musu sautin kira na daban, sauran duniya kuma su zauna a kan wani sautin. Ba sai ta karanta komai ba, kunnenta zai gaya mata na gida ne ko baƙo. Ƙananan wayoyi da yawa suna da wurin da ake hana duk lambar da ba a adana ba shigowa, amma ni ba na kunna shi, saboda a garin nan da muka sha ganin dokar hana fita, wata rana da wayar wani za a kira a ce ɗanka yana lafiya. Katin cirar kuɗinta kuma ya fi kyau ya koma hannun wanda kuka amince da shi a gida, kada ya zauna a jaka ɗaya da wayar.

Lauya Ɗan Gangare, daga Abuja, ya rubuta:

Ina tare da yawancin abin da aka faɗa, sai dai ban yarda a ɗora wa jama'a rabin laifin ba kamar yadda ƙanena na Taminus ya yi. Wanda ya rubuta lambarsa a littafin asibiti ya ba da ita ne don a yi masa magani, ba don a sayar wa mai tallar filaye ba, kuma doka ta san wannan bambanci. Dokar kare bayanan jama'a da shugaban ƙasa Bola Tinubu ya sa wa hannu a watan Yuni na 2023, wadda ta kafa hukumar kare bayanai ta ƙasa, NDPC, ta ce ba a amfani da bayanan mutum a kan abin da ya saɓa wa dalilin da aka karɓe su. Ta ba ka ikon tambayar kowane kamfani wane bayani naka yake riƙe da shi da kuma inda ya samo shi, ta ba ka ikon cewa a goge, kuma idan ka ce ba ka son a yi amfani da bayananka wajen yi maka talla kai tsaye, wajibi ne a daina. Tarar da ta tanada ga manyan masu riƙe da bayanai tana iya kaiwa naira miliyan 10 ko kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigarsu na shekarar da ta gabata, duk wanda ya fi yawa.

Saboda haka idan mutum ne mai rai ya kira ka da talla, kada ka yi saurin kashewa. Ka tambaye shi sunan kamfaninsa, da adireshinsu, da inda suka sami lambarka, sannan ka faɗa masa a fili cewa ba ka amince a sake kiranka ba, ka rubuta ranar kamar yadda Malama ta yi. Idan sun sake, kana da abin kai wa NDPC. Gaskiyar da ba zan ɓoye ba ita ce wannan doka tana cizon wanda yake da ofis da suna ne kawai. Wanda ya kira Hajiya maganarsa ta 'yan sanda ce da EFCC a ƙarƙashin dokar laifukan intanet ta 2015, kuma ko da yake tun Disambar 2020 aka fara tilasta haɗa layi da NIN, masu wannan sana'a suna amfani da layukan sata ko waɗanda aka yi wa rajista da sunan wasu. Duk da haka a kai rahoton lambar ga bankinta da kamfanin layi, domin wanda ya kira ta bai tsaya a kanta ba.

Ko Amurka da ta buɗe rajistar masu ƙin kiran talla tun 2003 ba ta rabu da wannan ba. A watan Janairu na 2024 an kira masu zaɓe a jihar New Hampshire da muryar da kwamfuta ta kwaikwaya ta shugaban ƙasar na lokacin, Joe Biden, ana ce musu kada su fita zaɓen fid da gwani, abin da ya sa a watan Fabrairu hukumar sadarwar ƙasar ta bayyana cewa dokar da ta taƙaita kiran na'ura ta haɗa da irin waɗannan muryoyi. Na kawo wannan ne saboda Hajiya, domin dattijuwar da ta kusa ba da lambar katinta ga baƙon da ya san sunanta kawai, me za ta yi ranar da ta ji murya irin ta ɗanta yana cewa ya yi haɗari a turo kuɗi? Ku yi yarjejeniya a gida cewa duk maganar kuɗi da ta zo ta waya, za a kashe a sake kiran mutumin a lambar da aka san shi da ita.

Ɗan Farin Gada ya sake rubutawa:

Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Jiya bayan la'asar na je Anguwar Rogo na zauna da wayar Hajiya. Na aika STOP zuwa 2442 amsa ta dawo nan take, da na danna *305# kuma ashe ba ƙwallo kaɗai ba ne, akwai wata gasar tambayoyi ma da ake cire mata kuɗi a kanta, duka na soke. Na kira 300 na karɓi lambar koke na rubuta a bangon littafin lissafina, zan jira in ga ko za a maido da wani abu kafin in nemi 622. Da na bincika kuma, kamar yadda ɗana na Taminus ya yi hasashe, wani jikanta ya amsa cewa ya taɓa cike mata fom na tallafin tsofaffi da aka turo a rukunin unguwa, har da lambar asusu. Katin yanzu yana hannun ƙanwata.

Sautin kira na daban ma mun saka, muka gwada sau uku tana dariya tana cewa ta gane. Inda muka sha gardama shi ne da na ce idan ta ji ɗayan sautin kuma murya ta fara zuba ba sallama, ta kashe kawai. Ta ce ita ba za ta kashe wa ɗan mutane waya yana magana ba, sai da ƙanwata ta rantse mata cewa babu kowa a ɗaya ɓangaren sannan ta ce to, za ta ajiye wayar a kan tabarma ya gama abin da yake faɗa shi kaɗai.

Nawa layin ban rufe shi duka ba tukuna saboda sanarwar ƙungiyarmu ta kasuwa. Baba na Bukuru, idan na aika HELP na zaɓi rukuni ɗaya, a wane rukuni irin wannan sanarwa take faɗawa, ko kuwa gara in ce wa sakatarenmu ya riƙa kirana kawai?